Ranar da Aka Kifar Min da Jatan Lande

Shekarun baya, lokacin aurena bai fi wata takwas ba, muna zaune a gidan haya a cikin garin Gaya, mijina yana koyarwa a wata sakandare. A Fatakwal ya yi bautar ƙasa, kuma tun da ya dawo babu abin da yake kewa kamar wani abinci da ya saba ci a can, wato jatan lande soye da kayan lambu. Kullum sai ya ba ni labarinsa, har na haddace. Ni kuwa 'yar Kademi, kifin da na sani bai wuce tarwaɗa da karfasa ba.

Wata Asabar ya shiga Kano tun da sassafe. Kafin azahar sai ga shi da 'yar kula cike da ƙanƙara, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Na buɗe, na ga wasu halittu a lanƙwashe, ga ƙafafu birjik, ga gashin baki zaro-zaro, ga idanu baƙaƙe suna kallona. Wallahi saura kaɗan na saki kular. Na ce, "Malam, wannan ai kunama ce ta yi wanka." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tsuguna ya nuna min yadda ake cire kai, a ɓare ɓawon, a zare wani baƙin zare da ke bayansa. Ya ja min kunne kada ya daɗe a wuta, in ba haka ba sai ya koma kamar roba. Daga nan ya fita masallaci.

Na zage na shiga aiki. Na yanka karas siri-siri, da koren tattasai, da kabeji, da koren wake, da albasa. Na jajjaga citta da tafarnuwa da attaruhu. Na ɗora kasko, na buɗe wuta sosai, mai ɗan kaɗan. Ina zuba jatan landen suka juye daga launin toka zuwa wani ja mai ɗaukar ido, ƙamshi ya cika ɗakin girkin. Na kwashe, na soya kayan lambun sama-sama, na mayar na juya. Na ɗanɗana ɗaya ido a rufe, sai na buɗe idon na ƙara wani. A lokacin ji nake duk ƙasar Gaya babu macen da ta kai ni iya girki.

Ina cikin wannan alfaharin ne na ji sallamar yayar mijina. Ita ce babbarsu, daga Gafasa take, ta shigo gari dubiya asibiti ta ce bari ta biyo. Mace ce da in ta yi tari duk danginsu sai sun gyara zama. Na fito da sauri na durƙusa na gaishe ta, amma ba ta amsa ba. Idonta yana kan robar da na bari a bakin famfo, wadda na tara kawunan da ɓawon a ciki.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Yaya, jatan lande ne, wani irin kifin teku."

"Kifi? Kifi da ƙafa?" Ta wuce ni ta shiga ɗakin girki ta ɗaga murfin kaskon. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Dama na faɗa. Yaron nan tun da ya yi aure ba ya jin kiran kowa, ashe ƙwari ake dafa masa. Wane bokan ne ya ba ki?"

Kafin na buɗe baki ta ɗauko kaskon, ta fito tsakar gida, ta kife shi a ƙasa. Gidan haya ne, ɗaki huɗu, matan duk sun fito sun yi cirko-cirko. Kajin maƙwabciyata suka rugo suka hau caccaka. Ina tsaye da ludayi a hannu ina kallonsu.

Sai ga shi ya dawo daga masallaci. Na ji sanyi a raina. Na ce, "Yawwa Yaya, ga shi nan, tambaye shi."

Ya kalli abincin a ƙasa, ya kalli yayarsa, ya kalli matan gidan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba za a sake ba."

Ba za a sake ba! Mutumin da ya hau mota ya je Kano ya sayo da hannunsa, ya tsuguna ya koya min ɓarewa. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce ni na kawo. Bai faɗa ba. Da ta tafi na tsare shi, wai kunya ya ji, za a ce ya je kudu ya lalace, kuma ba ya son musu da ita a gaban mutane. Wai in kwantar da hankalina, maganar za ta mutu da kanta.

Maganar ba ta mutu ba. Washegari na aika wa maƙwabciyata ɗanwake kamar yadda muka saba, aka dawo min da kwanon ko taɓa shi ba a yi ba. In na fito shara sai hira ta tsaya. A kwana na shida mahaifiyata ta kira ni daga Kademi tana kuka, wai a gidan suna aka tare ta ana mata jaje, 'yarta ta shiga bin bokaye. Matar da ta tarbiyyantar da ni, ko laya ba ta taɓa rataya min ba. Shi kuwa gogan yana tafiya makarantarsa, ya dawo ya ce, "Har yanzu fushi kike?"

A kwana na tara surukata ta aiko mu je Gafasa. Muka tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa, ga yayar tasa, ga wasu dattawan mata biyu. Yayar ta kwance wani ƙullin leda. Ashe ta kwashi kawunan nan ta shanya, ta ajiye shaida. Inna ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta shinshina, ta ajiye. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, me za ki ce?"

Kun san yadda muke da surukai, ko ido ba a haɗawa. Na waiga na kalle shi, na ba shi dama ta ƙarshe. Yana ta wasa da makullin babur. Nan kunyar ta fice daga kaina.

Na ce, "Inna, ku gafarce ni, yau zan yi magana. Ni ko sunan abin nan ban sani ba sai a bakin ɗanku. Shi ya sayo, shi ya koya min gyarawa, shi ya ce in dafa. Kwana tara ana jifana da boka, uwata tana kuka, yana ji yana gani. In ƙarya nake ga shi nan, ya rantse."

Inna ta juya gare shi. "Kai ka sayo?"

"Ni ne, Inna."

"Ana ci?"

"Ana ci. Halal ne, abin ruwa ne."

Ta ture farantin gyaɗar gefe. "Mu da muke soya fara mu barbaɗe ta da yaji, har mu ce wa wani yana cin ƙwaro? Ita wannan," ta nuna 'yarta, "jahilci ne ya ɗebe ta, da bakin da ba shi da linzami. Kai fa? Ka san gaskiya, ka bar 'yar mutane a rana. Gobe ka shirya ka je Kademi ka faɗa wa uwarta da bakinka. Daga nan ka tara matan gidan hayar nan su ma ka faɗa musu."

Ya je. Ya kuma tara su, yana magana yana share zufa. Yayar tasa kuwa har yau ba ta ce min yi haƙuri ba. Muna gaisawa, ina yi mata abincin baƙi in ta zo, iyakarta ke nan.

Mijina ya nemi gafara ba sau ɗaya ba, na kuma yafe, yanzu 'ya'yanmu uku. Shi ma ya canja, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ko yanzu da nake rubuta wannan abin yana min ciwo. Ba abincin nake jin haushi ba, ba ma yayar tasa ba. Abin da ke ci min rai shi ne yadda wasu suka riƙa ce min kawaici ya yi, wai halin manya ne. Ni dai a sanina, abin da aka yi maka shi kake wa kawaici. In kuwa wani ake wa ƙazafi, gaskiyar tana bakinka ka haɗiye, to shirun nan naka ma shaida ce, kuma ta zur ka bayar.