Inna Hure da Dodon Murfin Tukunya

Idan ka shiga unguwarmu a Gummi, ta wajen gangaren gulbi, ka tara mutum goma 'yan ƙasa da shekara arba'in, bakwai daga cikinsu a hannun Inna Hure suka faɗo duniya. Ni ma ina ciki. Ita ta yanke mini cibi, bayan shekara goma sha tara kuma na auri autanta Maikuɗi, na zama surukarta. Takan ce ta san ni tun ban san kunya ba.

Ba 'yar Gummi ba ce. A Adabka aka haife ta, gidan manoman gero da dawa, ta tashi a hannun goggonta wadda ita ce ungozomar ƙauyen. Aure ne ya kawo ta nan, gidan wani masunci mai shiru-shiru da ya rasu tun kafin in shigo gidan. Haihuwar farko da ta karɓa ita kaɗai a fadama ce, lokacin yankan shinkafa. Wata Bafulatana ta kawo tallan nono, naƙuda ta kama ta a bakin gona, Inna ta kori maza, ta shimfiɗa mayafinta a gindin kanya. Tun daga ranar, in ji ta, ba ta ƙara cin tuwo ta gama ba tare da an yi sallama da ita ba.

Doguwa ce siririya, kullum da goro a kunci. Ba ta son surutu, kuma ba ta kallon fim. Ta ce ƙarya ce aka yi wa kwalliya.

A shekarar 2011 aka turo Sista Gladys ƙaramin asibitin unguwarmu. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta zo da mijinta Malam Ezekiel mai koyar da kimiyya a sakandare, suka kama haya a gidan da ke jikin namu. Farkon haɗuwarta da Inna bai yi daɗi ba. Sista ta ce a daina shafa toka a cibin jarirai, kuma kowace haihuwa da sabuwar rezarta. Inna ta tambaye ta shekararta nawa. Wata biyu tsakaninsu sai gaisuwa. Ana nan wata rana da hantsi haihuwar tagwaye ta zo a gicciye, Inna ta lalubi cikin, ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta je da ƙafarta ta buga ƙofar Sista. Tare suka raka matar babban asibiti, tare suka dawo da yara biyu masu rai. Daga nan Inna ta fara yawo da safar hannu da sababbin reza a cikin gwangwanin madara, ita kuma Sista in ta auna mai ciki takan ce, "Inna, zo ki taɓa mini wannan."

Maigidana yana da shagon cajin waya a ƙofar gida, janaretansa na aiki tun safe har magariba. Shi ya ja wa Sista waya zuwa falonta. Saboda haka kowace Asabar bayan azahar matan unguwa kan taru a can mu kalli fim. Inna takan biyo mu, amma sai ta zauna bakin ƙofa ta juya wa talabijin baya tana ɓarar gyaɗa. Wai iskar fanka ta zo sha.

A daminar 2013 Sista ta sayo wani faifai a kasuwa. A jikin kwalin akwai hoton Ba'indiye da Ba'indiya a tsakiyar furanni, duk muka gyara zama. Da aka kunna, babu furanni babu waƙa. Wani gari ne mai laka, mutanensa na magana da yaren da Sista ta ce ba Turanci ba ne, mu kuma da muka daɗe da kallon finafinan Indiyawa muka tabbatar ba nasu ba ne. Can sai ga wani abu yana saukowa daga sama yana lilo.

"Jirgin wata duniya ne," in ji Sista.

Zinariya, telar unguwarmu, ta matsa kusa da talabijin. "Wane jirgi? Murfin tukunya na. Ga zaren da anka rataye shi can."

Gaskiya ne, zaren na nan baƙi ƙirin. Muka yi ta dariya, har abin da ke ciki ya fito. Kansa kamar na tarwaɗa, da gashin baki biyu dogaye, jikinsa kore, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya buɗe baki ya yi wani gurnani. Atine, maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai, ta yi salati ta rufe fuska da hijabi, daga nan ta tsakanin yatsu ta kalli sauran.

Dodon ya shiga gari yana fasa ƙofofi. Duk gidan da ya shiga sai ya buɗe firji, ya leƙa bokiti, ya kifar da tukwane. Wanda ya tare masa hanya ya make shi, jini ya fantsama a bango ja wur kamar zoɓo. Aka turo sojoji, su uku kacal. Ya kashe su. Aka turo wasu, Zinariya ta yi tsalle ta ce ga mai tabo a goshi nan da ya mutu ɗazu, hula kawai ya sauya. Sannan da dodon ya juya baya, ta nuna mana zif tun daga wuya har ƙugu, ta ce ko ɗinkin bai yi kyau ba, ita da buhun taki biyu za ta yi wanda ya fi shi.

Ban san lokacin da Inna ta juyo ba. Na dai waiga na ga gyaɗar a ajiye, ta tsura wa talabijin ido.

"Sista, mai da shi baya kaɗan."

Sista ta mayar. Dodon ya jingina da bango, ya dafe baya, ya yi nishi.

"Awo," in ji Inna. "Ku bar cewa shi. Wagga mace ta, kuma naƙuda takai."

Falon ya kaure da shewa. Inna ko gezau. Ta ce mu lura, ba ta ci kowa ba, ture su kawai take yi. Tana tafiya ƙafa a buɗe. Nishin kuma yana zuwa ya tafi, yana zuwa ya tafi, tazarar tana raguwa. Bokitan da take leƙawa ruwa take nema.

"Inna, mutum ne fa a cikin roba, zafi ne ya dame shi," in ji Sista tana share hawayen dariya.

"Ke kin karanta littahi, ni na ga baya dubu. Ki sa ido."

Muka sa ido. Dodon ta nufi wani gida mai farar ƙofa, inda wani mutum mai farar riga irin ta likita ya ɓuya. Ta ɗaga hannu za ta bugi ƙofar, sai hoton ya tsaya cak, ya farfashe gida-gida. Faifan ya karce. Sista ta goge shi da gefen zani, ta hura masa iska, a banza. Maikuɗi ya shigo ya shafa masa man goge baki, kamar yadda ya ce ana yi. Sai ya daina tashi ma gaba ɗaya daga tsakiya.

Kwana tara unguwarmu ba ta da wata hira. A wurin niƙa, a bakin famfo, a gidan suna, ko'ina maganar dodo. Atine ta dage aljani ne, ta ce mutanen da suka yi fim ɗin sun kama shi ne suka sa shi aiki, kuma ta daina zuwa ɗiban itace ita kaɗai. Zinariya ta ce ba ta taɓa ganin aikin ganganci irin wannan ba, amma ita ce ta fi kowa tambayar ko an gyara faifan. Maza ma sun samu labari a shagon Maikuɗi. Wasu masunta suka roƙa aka nuna musu rabin da ke tashi, suka fito suna gardamar ko kan na tarwaɗa ne ko na ramboshi, ɗaya ya ce in da zai samu irinsa a taru da ya huta shekara guda. Malam Ezekiel ya zauna a benci ya zana musu rana da duniyoyin da ke kewaya ta a ƙasa da tsinke, ya ce har yau ba a ga mai rai a wata duniya ba. Wani tsoho ya ce to, Allah dai ya fi ƙarfin haka, kuma in sun zo a faɗa musu shinkafar bana ba ta kai ba.

Ita kuwa Inna maganarta ɗaya. Duk wadda ta zo tsokanarta sai ta ce, "Ku bar baiwar Allah ta haihu lahiya."

Na tambaye ta, ba ita ta ce fim ƙarya ba ne? Ta ce ƙarya ne mana, amma wanda ya shiga robar nan ya taɓa zama kusa da mai naƙuda, ko uwarsa ko matarsa, domin ba a ƙirƙiro irin wannan dafe bayan.

Malam Ezekiel ne ya raba gardamar. Ya samo aron kwamfuta daga wani abokin aikinsa, ya ce ita tana iya tsallake wurin da ya karce. Ranar Litinin bayan la'asar aka ɗora ta a kan turmi a tsakar gidan Sista, domin falon ya yi kaɗan. Mata sun fi talatin. Aka kawo wa Inna kujera 'yar tsugunno aka sa ta a gaba, ba ta ƙi ba.

Dodon ta fasa farar ƙofa. Mai farar riga ya durƙusa yana roƙo. Ta ture shi ta nufi wani akwatin ƙarfe, ta ɓalle murfinsa. A ciki akwai ƙwai, ƙato, mai shuɗin fenti.

"Kankana ce!" Zinariya ta yi ihu. Aka ce ta yi shiru.

Ashe mutumin ne ya sace ƙwan tun farko, a wurin da muka shagala da dariyar zare. Dodon ta rungume shi tana wani kuka mai ban tausayi. Ƙwan ya tsage, wani ɗan abu ya leƙo, safa ce aka sa wa maɓallai biyu aka zura hannu a ciki. Ya yi hamma, ya waiga, ya yi tsalle ya cafki hancin mai farar riga. Zoɓo ya wanke bango. Wata daga baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Uwar ta saɓa ɗanta, ta taka a hankali ta shiga murfin tukunya, aka ja zare suka yi sama. Na duba gefena na ga Atine tana kuka sosai, wai yaron ya ba ta tausayi.

Sista ta dafa gwiwar Inna. "To Inna, ba naƙuda ba ce. Ƙwai ne, kuma ta riga ta saka."

"Mace ta ko ba mace ba?"

"Mace ce."

"Ɗiya taka nema ko ba ɗiya ba?"

"Ɗa ne."

"To mi ya rage? Ni ban taɓa karɓar haihuwa a garinsu ba, ina zan san da ƙwai suka yi?"

Ta miƙe tana kakkaɓe zani. Aka tambaye ta ya ta ga fim ɗin gaba ɗaya. Ta ce fim ɗin banza ne, garin kuma na marasa kirki ne, tunda mai jego ta shigo musu babu wanda ya ɗora mata ruwan zafi ko ya dama mata kunun kanwa, sai bindiga. Amma uwar ta yi ƙoƙari.

Inna ta ci gaba da aikinta har 2017, lokacin da gwiwoyinta suka hana ta tsuguno. A shekarar aka mayar da Sista Gladys Bukkuyum, aka kawo wata sabuwa mai suna Saratu, 'yar garin Anka. Ranar da ta kama aiki, kafin ta sauke jakarta, ta zo gidanmu da takarda daga Sista. Ni na karanta wa Inna. Gaisuwa ce, sai layi ɗaya a ƙasa: ga ɗiya nan na aiko miki, ki koya mata abin da ba ya cikin littafi. Inna ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta ce ta miƙo hannuwanta. Ta juya su, ta ce farcen ya yi tsawo. Sannan ta ce in zubo mata tuwo.