Ranar da Aka Kawo wa Ciyawata Gayya

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban ga alamar zan manta da ranar da mutanen Sae Sabuwa suka kawo gayya gonar maigidana ba. Shekaru sun shuɗe, furfura ta fara leƙo min a gemu, amma har yau in na jiyo gangar noma daga nesa sai ranar ta dawo min sabuwa.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Gidan Rumji. Cirani ya kai ni Abuja, na yi dako, na yi gadi, daga baya Allah ya haɗa ni da aiki a wani filin golf. Ga wanda bai sani ba, golf wasa ne na manya. Mutum zai ɗauki sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai, ya bugi wata 'yar ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabo ba, ya bi ta da ƙafa yana taƙama har sai ta faɗa wani ɗan rami. Wasan bai taɓa burge ni ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ciyawar da ake wasan a kanta, domin ina duƙawa na gane ta. Kiri-kiri ce, wadda mahaifina ya ƙare ƙarfinsa yana tono yana tsine mata. A can kuwa ita ce 'yar gata, a ba ta ruwa safe da yamma, a ba ta taki, a yi mata aski, wani wurin ma ba a yarda ka taka ta da takalmi mai nauyi. Na koyi aikin har na ƙware, kuma na shiga son ciyawar nan fiye da yadda ya kamata ɗan manomi ya so ta.

A can na haɗu da Alhajin da ya zama maigidana, babban ɗan kasuwar wake da aya daga Gidan Rumji. Abokansa ne suka kawo shi kallon wasa, ya ji ina faɗa da wani abokin aiki da harshenmu na Gobir, ya kira ni gefe. Ashe wasan ya shiga ransa, ko kuma in ce zaman da ake yi da manya bayan wasan ne ya shiga ransa. Ya ce yana da gonar gado a bayan gari, ya riga ya sa an haƙa mata rijiyar foraj, wato ta burtsatse, an kewaye gonar da waya, yana so in dawo gida in yi masa ƙaramin fili irin wannan. Sai dai ya kafa min sharaɗi.

"Kada ka gaya ma kowa mi za a yi," in ji shi. "In mutanenmu sunka ji wasa za a yi bisa gonar tsohona, sai su cinye ni da baki. Bari sai ranar buɗewa, in manyan baƙi sunka zo kowa shi gani da idonai. Rannan ni da kaina zan kama hannunka in nuna ma jama'a."

Wannan alkawari na kama hannu shi ne ya riƙe ni tsawon rani guda.

Na fara aiki sanyi na ƙarewa. Na daidaita ƙasa, na gauraya ta da takin shanu da ya ruɓe, na bi bakin fadama ina tono saiwar kiri-kiri ina cika buhu. Masu lambu har taya ni suke, suna murna sun samu wanda ke raba su da annoba kyauta. Na dasa ta da hannu, reshe bayan reshe, na cika ganga da siminti ina gangara ta a kai don wuri ya kwanta. Na yi yaƙi da gara, na tsince ƙarangiya da yatsu. A gefe guda na haƙa kwari na cika shi da farin yashin gulbi, domin a wasan dole a yi wa ƙwallo tarko. A tsakiya na huda ramin, na kafa 'yar jar tuta. Lokacin da gari ya bushe ƙurmus, tumaki na cin kwali a bola, gonar Alhaji ta yi kore shar kamar sabuwar dardumar masallaci.

Matsalar ita ce waya ba ta rufe ido. Duk mai wucewa da amalanke sai ya tsaya ya kalle ni ina ba ciyawa ruwa. Da farko sun ɗauka ta dabbobi ce, suka ce Alhaji ya yi dabara. Amma da suka ga da ta ɗan ɗago kai sai in turo inji in aske ta, kuma wani Bafulatani ya roƙe ni in bar 'yan maruƙansa su shiga na hana, sai hukunci ya fito: Abuja ta taɓa min kai. Aka raɗa min suna wanzamin haki, domin haki muke ce wa ciyawa. Matata ta daina zuwa injin niƙa da kanta, saboda mata na tambayar ta ko ita ma ina yi mata aski. Abin yana ci min rai ƙwarai, amma sai in ce mata ta yi haƙuri, akwai ranar da duk garin nan zai san ko ni wane ne.

Wadda abin ya fi damu ita ce mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai kaifin baki da kowa ke ce wa Inna. Da damina ta faɗi, kowa ya yi shuka ya gama noman farko, gonar mijinta kaɗai ta rage cike da ciyawa, sai ta aika aka kira ni.

"Ɗana, mi na yi maka?" ta ce. "Gonar da mijina yab bari ko tsinke babu, kai ka zo kana ba haki ruwa?"

Na ce umarnin Alhaji ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ɗanta da hankalinsa ta haife shi, in nemi wani in yi wa ƙarya. Na tashi na fita riƙe da amanar Alhaji. Shi kuwa Alhaji, duk lokacin da ta tayar masa da maganar sai ya ce za a duba, ya zame.

Akwai wani saurayi, ɗan sarkin noman wani ƙauye a Sae Sabuwa, da ke neman 'yar Alhaji wadda ke koyarwa a lakol, wato makarantar boko. Ita tana son sa, Inna ma tana son sa, Alhaji ne ke ja da baya don ya fi son mai zaman buro, wato ma'aikacin ofis. To a wurinmu, in saurayi na son ya nuna wa surukai shi namiji ne, gayya yake tarawa ya nome musu gona ba tare da an roƙe shi ba. Daga baya na ji cewa ya zo gaida Inna, ta yi masa kukan gonar, ta kuma ciro makullin ƙofar wayar gonar na biyu da ke rataye a ɗakin Alhaji ta damƙa masa. Ba da mugunta kowa ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, domin ban samu wanda zan tsana ba.

Ranar da aka sa za a buɗe fili, Alhaji ya tafi Maraɗi tarbo baƙinsa. Ni kuma igiyar tayar da injina ta tsinke, ga shi ina so in yi askin ƙarshe kafin su iso, sai na hau moto, wato babur, da sassafe na nufi Maraɗin ni ma. Mai gyara ya ja ni da surutu, ban kamo hanya ba sai da rana ta take.

Tun kafin in shiga gari na jiyo kiɗa. Har na yi murmushi, na ce Alhaji ya ɗauko makaɗa don buɗewa. Ina karyo kwana na hango amalanke jere a bakin waya, ƙofa a wangale, maza sun yi sahu daga wannan gefe zuwa wancan, kowa da hauyarsa, makaɗi na bin su a baya yana zuga su da sunan kakanninsu. In ba ku taɓa ganin ɗan sarkin noma yana neman aure ba, ba ku san aiki ba. Sun san kiri-kiri ba ta mutuwa da shara sama-sama, saboda haka tono suka yi har saiwa, suna kakkaɓe ƙasa suna tarawa tsibi-tsibi, jakuna na ci suna kaɗa wutsiya. Kwarin yashina sun ce tabon gona ne, suka cike shi da taki. Ramin ƙwallo wani ya ce na ɓera ne, ya danne shi da diddige. Jar tutar kaɗai suka bari, wai za ta yi amfani wajen korar tsuntsaye.

Na yar da moto na shiga da gudu ina ɗaga hannu ina cewa su tsaya. Ganga ta haɗiye muryata. Wani dattijo ya kama kafaɗata, ya ce kada in ji kunya, kowa yana gazawa, sannan ya miƙo min hauya. Na tsaya da ita a hannu ina kallon ɗan koren da ya rage a kusurwa yana ƙarewa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, mata masu rabon fura suka ce nadama ce.

Abu guda ya rage min, shi ne zuwan Alhaji. Na ce a raina, ciyawa ta tafi, amma yau dole ya buɗe baki. Zai yi faɗa, zai faɗi abin da aka lalata, kowa zai san ba mahaukaci ba ne ni.

Ba a jima ba motoci suka tsaya. Baƙi suka fito da fararen wanduna da hulunan hana rana, suna waige-waige suna neman fili. Alhaji ya fito ya tsaya cak. Makaɗi na ganin sa ya juya ganga kansa, jama'a suka ɗaga hauyoyi sama. Ga liman, ga dattawan garuruwan biyu, ga saurayin ya zo ya durƙusa gabansa jiƙe da zufa. Inna kuma tana zaune kan tabarma a inuwar aduwa, fuskarta fal da farin cikin da ban taɓa gani ba.

"Alhaji," ta ce, "zo ka ga gonar ubanka. Yau na ɗaga kaina cikin mutane."

Alhaji ya dubi baƙinsa, ya dubi uwarsa, ya dubi liman. Sannan ya tako har inda nake, ya kama hannuna ya ɗaga shi sama. Na ce a raina, ga ranar ta zo.

"Jama'a, Allah shi yi muku albarka," in ji shi. "Kun hisshe ni kunya. Na sha gaya ma yaron ga shi nome gonag ga, ya ƙiya. Amma ku yahe mai, ƙuruciya ce."

Aka kwashe da dariya, aka ce an yafe. Ni da nake da 'ya'ya a lakol, ni ne mai ƙuruciya. To ko na yi magana, wa zai bar maganar Alhaji ya kama ta wanzamin haki?

Aka yanka raguna, aka ci aka sha. Kafin la'asar Alhaji ya ba saurayin 'yarsa a gaban kowa, don ba yadda za a yi mutum ya ci gayya irin wannan ya hana. Baƙin suka ci tuwo suka koma, sandunan wasansu ko fitowa daga bayan mota ba su yi ba. Da yake lokacin hatsi ya wuce, wake aka shuka a gonar, kuma saboda takin da na yi rani ina zuba mata, ta yi waken da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Gari ya ɗauka cewa hannun ango ne ke da albarka.

Bayan kwanaki Alhaji ya kira ni zaure, ba kowa. Bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce in yi haƙuri, ai na ga Inna, da wane baki zai ce mata wasa zai yi a gonar mijinta? Ya ce aikina na nan, in ci gaba da kula da gonar. Na karɓa, saboda ina da iyali. Ita kuwa kiri-kiri, duk tonon da suka yi ba su gama da ita ba. Kowace damina sai ta leƙo daga ƙarƙashin wake, kore shar, ni kuma in sa hauya in kashe ta da hannun da ya dasa ta. Masu wucewa da amalanke sukan tsaya su ce madalla, wanzamin haki ya warke.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana: duk aikin da mai shi ke jin kunyar faɗin sunansa a gaban uwarsa, kada ka yarda ka ɗauke shi a ɓoye kana jiran ranar da zai wanke ka. In ranar ta zo zai kama hannunka kamar yadda ya yi alkawari, amma kunyarsa zai damƙa maka a ciki.