Kofin da Aka Ajiye a Hankali

Mun tashi da asuba daga Ƙauran Namoda, ni da yayana, yana ta yi mini tsiya wai fim ɗin Turawa ya fito da mu ba ko karyawa. Ban musa ba. Shekaranjiya maƙwabciyarmu, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ta sa mana kaset ɗin ban tsoro. Ba dodo, ba aljani. Magidanci ne kawai da hankalinsa ke gushewa, iyalinsa suna tafiya da sanɗa. Da matar magidancin ta ajiye kofi a hankali don kada ya yi ƙara, gabana ya faɗi. Haka ƙanwata ta ajiye mini kofi a Zurmi da Sallah. Tun da annoba ta cinye shanun mijinta ya daina barci, yana magana shi kaɗai.

Ba a ɗauko matar aure haka siddan, don haka muka fara nufar Shinkafi neman baffan mijin. Motar ta cika da buhunan gero, ga akuya tana cin gefen zanena. A Moriki muka sha fura mai sanyi, yayana ya shanye tasa ya ƙara da rabin tawa.

A kasuwar shanu muka sami tsohon. Na durƙusa na faɗa masa komai.

"Mi kig gani da idonki, ɗiyata?"

"Baffa, kofi. Tsoron ajiye shi take yi."

Yayana ya sunkuyar da kai don kunya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya saɓa sandarsa ya ce, "Mu tahi."

Da la'asar muka isa Zurmi. Gidan tsit, yara uku a tsakar gida amma ba mai wasa. Mijin na zaune a zaure, ya rame, ga wuƙa kusa da tabarmarsa. Baffa ya zauna a kan wuƙar kamar bai gan ta ba, ya riƙe hannunsa ya ce gobe su biyu za su asibiti. Ƙanwata kuma ya ce ta biyo mu ganin gida.

Washegari muka dawo Ƙaura da ita da yaran. Na koyi cewa shirun gida ma abin dubawa ne, kuma ina alfahari da ban bari kunya ta zaunar da ni ba. Ɗazu ƙanwata ta saki murfin tukunya, ya yi ƙara har zaure. Ba ta ko waiwaya ba.