Mastar Birkin Auta

Tela Ban-Yarda-Ba ake ce masa a layin, kuma bai taɓa musu ba. Ka kawo masa yadi ka faɗi tsawonsa, sai ya auna a gabanka, ya sake aunawa bayan ka tafi. Ko gaisuwa ka tsawaita, sai ya fara laluben abin da kake nema. Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya: kome za ka yi wa yaro, ƙara masa wurin girma.

Autarsa na zuwa aiki asibiti a kan babur, hanyar kuma akwai gangare. Ranar da ta ce mastar birkin gaba na yoyo, wato 'yar tukunyar man da ke jikin hannun birki, cewa ya yi ba bakaniken da zai zaɓar wa 'yarsa. Ya kwance ta da kansa, ya naɗe a ƙyalle, sai shagon kayan babur.

Mai shagon ya duba, ya miƙo masa irinta sak.

"Waccan babbar fa, da ka tura bayan kwali?"

"Baba, ba ta wannan babur ba ce, bakinta ya yi faɗi. Za ka ji hannun ya yi tauri, amma ba zai riƙe taya ba."

Tela ya yi murmushin na-gano-ka. A ransa ya ce ruwa ba ya tsami banza, mai kyan ce aka ɓoye wa wani. Yaushe babba ya taɓa kasa aikin ƙarami? Ita ya saya.

Da ya ɗaura, ya matsa hannun birkin ya ji shi gam kamar dutse, daɗi ya kama shi. Auta ta miƙo hannu a ba ta makulli, sai kuma zuciyarsa ta ƙi. Mutumin ko aikin kansa bai cika yarda da shi ba.

"Tsaya in gwada tukuna."

Ya hau. A gangaren ya matsa birki, ya ƙara matsawa har jijiyar wuyansa ta tashi, babur ko a jikinsa. Katangar wani gida ce ta tsayar da shi. Hannun dama ne ya karye, hannun almakashi.

A asibiti Auta na naɗa masa bandeji, tana kuka tana faɗa. Sai da ta gama ya riƙo gefen rigarta da hagu.

"Akwai wani makullin babur ɗin a wurinki?"

"Yana jakata, Baba."

"Ba ni shi."