Dakta Sale Yamusa, Wanda Ya Ɗanɗana Tokar Rumawa

An haifi Sale a garin Kuje cikin shekarar 1949. Mahaifinsa Malam Yamusa ɗan kasuwa ne daga Zariya, mahaifiyarsa Amatullahi kuwa ta shahara wajen tace tokar miya.

Karatu

Bayan firamare da sakandare, ya karanci ilimin tonon kayan tarihi, aka tura shi Ingila a 1974 domin ya ƙware. A can, a wata tsohuwar maƙabartar Rumawa, mutanen daular Rum ta dā, ya tono wani tulu cike da toka, kuma da yake ɗan mai toka ne, sai ya dangwala ya kai baki kamar yadda ya ga uwarsa tana yi. A nan shugaban aikin ya sanar da shi cewa Rumawan wancan zamani ƙona mamatansu suke yi, kuma abin da ke bakinsa mace ce. Innalillahi! Ya yi kwana uku yana amai.

Aiki

Ya dawo a 1977, lokacin da ake shirin ɗauko babban birni daga Legas zuwa Abuja, aka ɗora masa alhakin duba kufai kafin motocin tono su iso. Ya ga an tashi maƙabartu, an kwashe ƙasusuwan mutane a buhu tamkar masara. Tun daga nan tsoro ya kama shi, na wuta da na tono: kada a ƙona shi, kada kuma wani mai bincike irinsa ya buɗe shi ya manna masa lamba.

Aure

Ya auri Malama Zaituna a 1979. Ta shaida cewa har ya rasu bai sake cin miyar da aka sa wa toka ba.

Rasuwa

A 2003 ciwon ƙoda ya kama shi har ya tsananta, likitoci suka ba da shawarar a fitar da shi waje, ya ƙi fafur, wai idan ya mutu a can bai san abin da za su yi da gawarsa ba. Allah Ya karɓi ransa ran 9 ga Mayu, 2004. Aka binne shi a bayan Kuje, a wurin da ya zaɓa da kansa bayan ya duba taswirar birnin Abuja ya tabbatar babu titin da zai bi ta nan.

Ya bar 'ya'ya uku: Khairat, Fadima, da Lukmanu, wanda duk Juma'a yake auna tazarar kabarin da sabon titin da ake shimfiɗawa. Bara taku arba'in ne. Bana sha tara.