Muhawara a Falonmu, Shinkafa a Zabarmari

Mijina malamin tarihi ne da ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba. Duk kakar zaɓe falonmu na Bulumkutu yakan koma aji. Ya tara abokansa su sa 'yan takarar shugaban ƙasa a gaba a talabijin, shi kuma yana raba musu yaƙe-yaƙe. Wanda ya daburce, faɗuwar Kukawa ce. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye har lokaci ya cinye, wai sojan Burma ne cikin kurmi. Ni dai nawa kai shayi, ina ji ina cizon leɓe.

A ranar muhawarar da nake magana a kai, ƙanena ya zo daga Zabarmari. Manomi ne, ba ya jin Turanci, ga shi muhawarar gaba ɗaya da Turanci ake yin ta. Shinkafarsa ta nuna, tsuntsaye sun fara ɗiba, amma gonar tana can inda 'yan bindiga ke fitowa daga daji su tare masu yanka. Abin da ya kawo shi ke nan: yana so ya ji ko cikin masu neman kujerar akwai wanda zai faɗi abin da zai ƙarfafa masa zuciya ya shiga gona. Na gaya masa maganar takara ba ta tsare kowa, ya ce ai manya ba sa magana a banza.

Ya zauna a bakin tabarma, ya roƙi Malam ya riƙa fassara masa. Malam ya ce kada ya damu. Daga nan sai sharhi. Wannan ya kai hari ta gefe, wancan ya ja da baya don ya yi kwanton ɓauna, ɗayan kuma an yi masa ƙawanya. Abokai suna tafi. Sau biyu ƙanena yana tambaya ko an taɓo zancen gonaki, ana ce masa ya dakata, yanzu ne fagen ya yi zafi.

Ina jin Turanci. Tsaro ya samu 'yan jimloli, manomi bai samu ko ɗaya ba. A ƙofar gida na gaya wa ƙanena haka. Ya ce shinkafa ba ta jiran a rantsar da kowa.

Ya shiga gona da 'ya'yansa biyu. Da ɗaya ya dawo, mutanen daji sun tafi da babban.

Mun je jaje tare da Malam. Ya zauna cikin maza ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci har ban san lokacin da na fito daga wajen mata na tsaya a kansa ba.

"Malam, wannan kuma da wane yaƙi ya yi kama?"

 Daga baya ya ce na ci masa fuska a gaban jama'a, kuma har yau yana riƙe da ni. Yaron kuwa har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.