Abin da Ya Kai Inna Kaduna

Juma'a: Kurfi zuwa Kaduna

Muna sallame Asuba muka hau akori-kura a Kurfi, ni da matata Ladi da Inna. Damina ce, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Autanmu Sale, akawu a Kaduna, shi ya aiko mu je mu ga birni.

Inna ba kallon bene ya fito da ita ba. Wani mutumin Birchi ne ya dawo ya raɗa mata wai kullum Sale na sulalewa daga gida da asuba, ba wanda ya san inda yake zuwa. Ta rantse in ta tarar ya lalace, ƙafarta ƙafarsa, ya bar aikin ya dawo gida.

A Dutsin-Ma muka sake mota. Yaron mota ya miƙo hannu zai karɓi ƙwaryar man shanunta.

"Iya, kawo in ɗora sama."

"Ɗora kanka," in ji Inna.

A Funtuwa 'yan doka suka leƙa kaya, muka ci dafaffiyar masara, tsada kamar me. Muka ratsa Zariya, sai Magariba muka shiga Kaduna. Sale ya durƙusa yana gaisuwa, Inna na shinshina rigarsa.

Asabar: yawon gari

Kafin in farka gogan ya fice. Da hantsi ya dawo, ya zagaya bayan ɗaki ya wanke ƙafa a ɓoye. Inna ta kalle ni, na kalli ƙasa.

Ya kai mu gadar kogi da tashar jirgin ƙasa, muka hangi ginin majalisa. A wani lambu muka ga kada kwance, Ladi ta yi salati ta laɓe bayana. Inna kuwa ko kallon kadan ba ta yi ba, Sale take dubawa. A bakin kanti wata mata mai takalmi ƙwas-ƙwas ta gaishe shi.

"Auta, wace ce wannan?"

"Mai buga tafireta ce a ofishinmu, Inna."

"Uhm."

Wannan "uhm" ya hana ni cin tuwon dare. Gaskiya ni ma na fara zarginsa, raina ya ɓaci.

Lahadi: bakin kogi

Da asuba Inna ta zungure ni. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan, tashi. Ya fita."

Muka bi shi nesa-nesa, muka tsallake layin dogo, muka gangara wajen kogi. Ina ta jiran in ga gidan giya ko ƙofar wata.

Ashe gona ce! 'Yar gonar masara da wake. Ga akawun namu ya naɗe wando, ya zaro garma daga cikin ciyawa ya duƙa. Da ya hango mu sai ya daskare.

"Abin ɓoyon ke nan?" na ce. "Kai, amma ka wahalar da mu!"

"Yaya, in 'yan ofis suka ji, baƙauye za su riƙa kirana. Ni kuwa in ruwa ya sauka ban taɓa ƙasa ba, barci ba ya ɗaukata."

Inna ta shiga gonar. Ta bi layin masara har ƙarshe, ta tsuguna ta shafa ƙasar.

"Haka marigayi ubanku ke rufe bakin huɗa," ta ce. "Kama aikinka, rana na yi."

Litinin: komawa

Sale ya raka mu tasha da buhun ɗanyen wake. Mun wuce Zariya na ga Inna na goge ido da gefen mayafi. Ladi ta ce, "Inna, ai murna za ki yi, yaro lafiya lau yake."

"Na sani, 'yar nan," ta ce. "Wallahi so na yi in same shi da laifi, in taho da abina."

Bayan Isha'i muka sauka Kurfi, mu uku yadda muka tafi. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.